Bencin Sista

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana aikin jinya, kuma kusan duk a tsaye ta yi su. Ranar da ta ajiye aiki ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga, sai silifas. Sunan Sista kuwa ya biyo ta gida. Mijinta ma, tsohon mai walda, haka yake kiranta in yana jin tsokana.

Suka tattara suka koma ɗan gidan da suka gina a ƙauye, mai fili a baya. Gwaiba ɗaya ce a filin, lemo biyu, sai tulin tarkacen da magina suka bari. Ta ce wa mijin ita yanzu ba ta neman komai illa wurin da za ta miƙe ƙafa ba mai kiranta.

Wata huɗu suna aikin mai da filin lambu. Ta tara kwalabe ta kifa su a ƙasa suka zagaye furanni. Tsofaffin tayoyi ta shafa musu shuɗin fenti, ta cika su da ƙasa ta shuka na'ana'a. Mijin ya haɗa tsohuwar fartanya da sarƙar keke ya ƙera wani tsuntsu. Shi ya ce shamuwa ce, ita ta ce ya fi kama da kazar da ruwa ya doka. Amma benci ne abin alfaharinta. Na siminti ne, ƙarƙashin gwaibar, ta lilliƙa masa gutsattsarin farantan da yaranta suka farfasa tun suna ƙanana. A durƙushe ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kullum sai ta kama reshe kafin ta iya miƙewa.

Kwana uku ta samu ta zauna a kai. A na huɗu maƙwabciyarsu mai kaji ta shigo da hannu naɗe da tsumma, wuƙa ta yanke ta. Sista ta zaunar da ita a bencin, ta wanke ciwon ta ɗaure. Mai kaji ta yi godiya, ta yaba wurin, ta fita ta ba da labari.

Kafin wata ya ƙare bencin ya zama wurin layi. Asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce a hanyar da babu daɗi, saboda haka mai zazzaɓi, mai ƙuna, mai jaririn da ya ƙi nono, duk nan suke yowa. Ta sha gaya musu ita ba likita ba ce, magani ma ba ta da shi. Sai su ce sun ji, ta dai duba kawai. Takan duba, wanda ya fi ƙarfinta ta matsa masa ya nemi mota. Yara suna ɓanɓare faranti da farce suna sa aljihu. Wani ya shigo da babur ya bi ta kan kwalabe. Na'ana'ar kuwa kowa ya zo sai ya tsinka, har ta zama tsinke.

Babbar 'yarsu ta zo hutu daga birni, ta tarar da mutum takwas a lambun, uwar kuma tana kicin a kan kujerar roba, ƙafafunta cikin bahon ruwan ɗumi, tana satar minti biyar.

"Mama, wannan ne hutun?"

"To me zan ce musu? Su koma da ciwonsu?"

'Yar ta yi ta faɗa har ta gaji. Ta juya kan uban, ta ce shi da yake da injin walda a ɗaki yana kallo. Washegari ya yi wa lambun ƙofar ƙarfe, ya rubuta a jikinta da fenti cewa Litinin da Alhamis kawai, da safe.

Ƙofar ta rage mutane, amma ba ta hana ba. Akwai wani dattijo mai saƙar kwando da yake da gyambo a ƙauri, wanda dole a wanke kullum. Ba ya ƙwanƙwasawa. Zama yake a bakin ƙofa da sandarsa har wani ya gan shi. Sista ba ta iya barinsa. Mako bakwai tana sunkuyawa a gabansa. Wata safiya ta gama ɗaurin, ta yunƙura za ta tashi, bayanta ya riƙe. Sai da mijin ya zo ya ɗaga ta. Dattijon ya bi ta da kallo, ya tambaye ta ita a ina take hutawa. Ta yi 'yar dariya, ta ce a kicin.

Da ƙafar ta warke ya daina zuwa, ko sallama bai yi ba. Bayan kwana goma sai ga shi da damin kara a ka. Ya ce wa mijin ya nuna masa lungun da ba a gani daga ƙofa. Bayan lemo suka zaɓa, kusa da katanga. Kwana biyu dattijon yana saƙa shinge mai tsayin mutum, ruwa kawai yake karɓa. Mijin ya ƙera kujera daga ragowar bututun ƙarfen da ya yi ƙofar, ya ɗaura mata matashi. Ta mutum ɗaya ya yi, da gangan, har da ɗan akwatin ɗora ƙafa.

Wurin bai da ado. Babu fenti, babu faranti, kuma ita ba ta da sauran ƙarfin yi masa. Ranar farko ta zauna ta kasa sakewa, kunnenta yana kan ƙofa. Ko akuya ta gogi ƙarfen sai ta zabura. Haka ta yi ta tashi tana komawa kusan mako biyu.

Wata Laraba bayan abincin rana barci ya ɗauke ta a nan, bakinta a buɗe, silifas ɗaya ya faɗi. Mijin yana gyara kwalaben da aka fasa sai ya ji taɓa ƙofa. Wata mata ce da ƙuraje a hannu, ta ce kwana biyar ke nan suna mata ƙaiƙayi. Ya duba fuskarta, ya tambaya ko da zazzaɓi, ta ce babu.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Gobe da safe ki dawo, ke za a fara gani."

Matar ta ɗan tsaya tana leƙe ta bayansa, sannan ta juya.

Sai da rana ta yi sanyi Sista ta farka, wuyanta ya ƙage. Ta fito tana ɗingishi, ta ga sabon sawu a bakin ƙofa. Ta dubi mijin, shi kuma ya duƙufa kan kwalabensa kamar bai san ta fito ba. Ta wuce kicin ta ɗora ruwan shayi.