Ƙofar Kaka a Bangon Gidan Zane

Malama ta jera ƴan ajinta bibbiyu a bakin gidan adana zane-zane, ta sake ja musu kunne. "Ido kawai. Duk wanda ya taɓa wani abu, ni da shi ne."

Yawancin yaran daga sabuwar unguwar bayan gari suke, inda aka kwashe iyayensu bara bayan an rushe gidajen bakin kogi. Ba su taɓa shiga wuri mai sanyi da tsit irin wannan ba. Wani mai surutu da ake kira Rediyo ya tsaya gaban wani zanen layuka ja da baƙi, ya rantse ƙaninsa na goye ya fi wannan iyawa. Aka yi ta dariya ƙasa-ƙasa.

Wani saurayi ma'aikacin gidan ne ke yi musu bayani. Ya kai su ɗaki na ƙarshe, inda babu zane ko ɗaya, sai tsofaffin ƙofofi rataye a farin bango, kowace da fitilarta.

"Wani babban mai fasaha ne ya tsinto su a baraguzai," in ji shi. "Ku dubi yadda fentin ya ɓare. Ko a lalacewa akwai kyau."

Auta, yarinyar da ko an tambaye ta a aji da ƙyar take buɗe baki, ta fice daga layi. Ta tsallake igiyar da aka gitta, ta ɗora tafinta kan wata koriyar ƙofar langa-langa.

"Ke!" Maigadi ya daka mata tsawa. Malama ta fizgo ta, kunya duk ta ishe ta.

"Malama, ƙofarmu ce," in ji Auta. "Ga wayar da Kaka ke ɗaure ta da ita. Ga inda akuyarmu ta lotsa."

"Wallahi tasu ce," in ji Rediyo. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Malama ta san labarin. Ranar rusau tsohuwar ta zauna bayan ƙofar nan ta ce ba inda za ta, sai da aka ɗauko ta ciɗak. Ba ta kai damina ba a sabon wurin ta rasu.

Fuskar saurayin ta washe. "Kai, abin sha'awa! Ƙanwata, tsaya nan in ɗauke ki hoto da ita. Mai aikin zai ji daɗi sosai." Kafin Malama ta haɗa abin faɗa, har ya ɗaga waya. "Ɗan yi murmushi mana."

Auta ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, yaushe za ku ba mu abarmu? Ɗakinmu labule ne kawai."

Ya yi ƴar dariya, ya shafa kanta. Ya ce ai ƙofar ta zama babba yanzu, wata mai zuwa ma jirgi za ta hau zuwa wani baje koli a ƙasar waje. Daga nan ya tafa hannu, ya ce kowa ya biyo shi a karɓi alawa.

A mota yara suka yi ta waƙa. Auta na riƙe da alawarta, ba ta ɓare ba.

Uwarta na jira a ƙofar makaranta. "Auta, me kuka gano?"

"Zane-zane, Mama."

Malama ta buɗe baki za ta yi magana. Yarinyar ta ɗago ta zuba mata ido, sai Malama ta haɗiye maganar, ta ce a gaida gida.