Takalmin Istifanus Ba Ya Taɓa Laka

Tun da ciwon gwiwa ya hana ni zuwa sujada, na sa wa ɗana Istifanus ido. Damina ce, hanyar majami'armu a Rafin Guza duk laka, amma kowace Lahadi da takalmi fes yake dawowa. Har da furfura a gemu, wai ni zai yi wa wayo!

Na ce, "A kan me Fasto ya yi wa'azi?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙauna, Mama."

Makon jiya ma ƙaunar ce.

Da Lahadi ta zagayo, ya tarar da ni a bakin ƙofa cikin zanen Zumuntar Mata.

"Mama, da wannan ƙafar?"

"A bayana ka fara zuwa can. Durƙusa, yau kai za ka goya ni."