Rabin Kitso

Rohiton tana tsugune a bakin tafki tana wanke kifi lokacin da ta ji lasifika. Motaleb mai shayi ne a kan kekensa, sanye da rigar masu gargaɗi, muryarsa ta riga ta dushe.

"Tuta uku! An ɗaga tuta uku! Kowa ya nufi makaranta kafin azahar! Mata a ɗaure gashi, a cire zanen sari a sa wando!"

Ta ɗaga kai. Sama ta yi toka-toka, amma ko ganyen ayaba ba ya motsi. Karo na huɗu ke nan cikin shekara uku da ake kora su makaranta saboda guguwa.

"Motaleb, ko wannan ma irin ta bara ce? Muka kwana a tsaye, ƙafa ta kumbura, muka dawo an kwashe mana agwagi."

"Khala," in ji shi, wato inna, "da ni na ƙera ta, da na gaya miki girmanta. Abin da rediyo ya ce nake faɗa."

"Ka je gidan Jabbar Munshi?"

"Sau biyu. Ya ce in rage murya, ina firgita masa shanu."

Ya taka kekensa ya wuce. Rohiton ta shiga gida, ta zuba busasshiyar shinkafa da mazarƙwaila da ashana a tukunya, ta ɗaure bakin da leda, ta binne a gindin kwakwa don a samu abin ci bayan guguwa. Hannunta ya saba, ko tunani ba ta yi. Tunaninta yana bayan shingen ƙasar da ke tare teku, inda 'yarta ɗaya tilo, Moyna, take aure. Mijin, Sobhan, kwanansa tara a teku wajen kamun kifi. Daga Moyna sai 'yarta Tuni mai shekara huɗu, sai tsohon surukinta, Jabbar Munshi.

* * *

Ta tarar da Jabbar Munshi yana kwance shanunsa bakwai, zai kai su tudun da aka tara don dabbobi.

"Beyai," ta ce, kamar yadda iyayen ma'aurata ke kiran juna, "na zo in tafi da Moyna makaranta."

Bai juyo ba. "Beyain, kin ga makarantar nan bara? Maza da mata kafaɗa da kafaɗa, bayi ɗaya, ko labule babu. Wata biyu ana yi da matar Hashem a kasuwa don ta kwana a can. Matar ɗana ba za ta kwana a can ba mijinta ba ya nan."

"Mijinta yana teku. Kifi zan aika ya tambayo shi?"

"In kin samu mai saurin iyo, aika." Ya ja igiya. "Kuma gida ba ya zama ba kowa. In kai waɗannan in dawo. In abin ya yi tsanani, ni da kaina zan kawo ta. Jikar taki dai ɗauke ta, ita ba ta da abin kunya."

Moyna tana ɗaki tana ɗaure kwanon rufi da igiya a jikin ƙafar gado. Ta yi wanka, gashinta a sake, jiƙe, ya sauko har ƙugu. Tun tana ƙarama Rohiton take shafa masa man kwakwa duk Juma'a. Da gashin nan aka yaba ta ranar da aka zo neman aurenta.

"Tashi mu tafi. Kafin ya dawo mun kai."

"Amma," in ji Moyna, don haka take kiran uwarta, "in Sobhan ya dawo aka ce masa na fita ba izini?"

"Sai ya yi fushi. Mai rai ake yi wa fushi."

Moyna ta yi ɗan murmushi, irin na wadda ta gaji. "Ke kika koya mini. Ranar da za a kawo ni kika ce ko gidan ya kama da wuta, in tambaya kafin in fita."

Rohiton ta tuna ranar. Ta faɗa kuwa. Haka ita ma uwarta ta faɗa mata.

"To zauna in kitse miki kan nan. Ina wandon?"

"Munshi ya ce kayan 'yan mata ne. Na bayar."

Moyna ta zauna tsakanin ƙafafunta. Rohiton ta raba gashin uku, ta fara. Ta kai rabi ke nan iska ta farko ta bugo, ta ɗaga murfin kejin agwagi, suka watse a tsakar gida. Ƙaramar Tuni ta fashe da kuka. Moyna ta zabura, kitson ya suɓuce daga hannun uwar.

"Ku tafi kafin ruwa ya rufe hanya. Zan ƙarasa da kaina."

"Ki ƙarasa fa. Ki naɗe shi tam."

"Na ji, Amma. Sai ka ce yau na fara ɗaure kai."

* * *

Makarantar bene ce a kan ginshiƙai, an gina ta don mutum ɗari biyar. Ranar sun fi dubu. Rohiton ta samu gefen taga, Tuni a kafaɗarta. Warin gumi, kukan jarirai, wata tsohuwa tana ta kiran sunan akuyarta. Duk wanda ya hawo a jiƙe sai Rohiton ta leƙa bayansa.

Motaleb ya shigo da la'asar, ba keke, ba lasifika.

"Ka ga Moyna?"

"Khala, hanya ta yanke. Da ƙyar na fito."

Bayan la'asar kaɗan shingen ya fashe. Ba ta ga fashewarsa ba, ƙararsa ta ji, sannan ta ga gonakin shinkafa sun zama teku, rufin gidaje na juyawa a kai kamar faifai. Ta toshe wa Tuni kunne. Ita ba ta da mai toshe mata.

* * *

Washegari da hantsi aka samu Moyna, ba nisa da inda gidan yake a da. Ta kai ga bishiyar dabino, har ta rungume ta, don ƙayoyin sun yayyage mata hannu. Ruwan bai fi ƙarfinta ba, ta iya iyo tun tana yarinya. Gashin ne ya sarƙe a ƙayoyin ƙasan bishiyar, ruwa ya hau, ta kasa ɗaga kai. Sai da Motaleb ya sa wuƙa kafin a sauko da ita. Daga ƙeya zuwa tsakiya kitson yana nan yadda uwar ta bar shi.

Jabbar Munshi ya kwana a tudu tare da shanunsa. Bakwai ɗin duka sun tsira. Ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma, ya ce ya yi niyyar dawowa, ruwa ya riga shi. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Ya ce ta mutu da mutuncinta, ba wanda zai faɗi wata magana a kanta. Rohiton ta miƙa masa ganyen taunawa kamar yadda ake yi wa baƙo.

Sobhan ya dawo bayan kwana biyar, jirginsu ya fake a cikin dajin bakin teku. Ya yi kuka sosai. Kafin shekara ta zagayo ya yi aure, aka bar wa Rohiton Tuni.

Yanzu Tuni tana shekara tara, gashin uwarta ta ɗauko. Kowace safiya, ko sama tana fes, Rohiton takan zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta raba gashin uku.

"Nani," takan ce wa kakar tata, "kina ja da yawa! Ba fa iska yau."

"Zauna."

"Za a rufe ƙofar makaranta. Bari in ƙarasa a hanya."

Sai Rohiton ta matse yarinyar da gwiwoyinta, ta ci gaba, har sai ta kai ƙarshen silin gashi, ta naɗe, ta ɗaure sau biyu.