Ranar da Gansakuka Ta Bar Tafkinmu

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can bayan Anka, ya san tafkinmu kore ne shar. Gansakuka ke rufe shi, sai ka ture ta da gindin ƙwarya kafin ka ɗebi ruwa. Makau dattawa suka damƙa wa kula da shi, kuma wallahi mutumin ya iya cika baki, kai ka ce shi ya haƙa tafkin da hannunsa.

Bana ɗansa Mas'ud ya bi masu haƙar zinari. Suka riƙa kawo niƙaƙƙen dutse suna wankewa a gefen gabas, Makau ya kau da kai. Kafin rani ya yi nisa gansakukar ta dafe, ta ruɓe, ta nutse. Ruwa ya yi garau har kana hango ƙasa, ko kwaɗo ya daina kuka. Mutanen gari kowa ya koma rijiya, don ma'aikatan lafiya sun sha gaya mana akwai gubar dalma a dutsen nan.

Ana haka sai ga Haladu da shanunsa. Bafulatani ne, aminin Makau tun suna samari, kowane rani kusa da gidansa yake sauka. Ya tsaya bakin tafki, ya daɗe yana kallo.

"Makau, ina gansakuka ta tafi? Ban taɓa ganin ruwanga haka ba."

Makau ya dubi ruwan. Ta yaya zai buɗe baki ya ce ɗan cikinsa ne ya ɓata ruwan da aka ba shi amana? Ina! Sai ya ƙaƙalo dariya.

"Mu munka kwashe ta, aboki. Shayar da bisashenka."

Shanu suka yi ta sha safe da yamma. Makau kuwa kunya ta hana shi sakat. Ya daina zama majalisa, da ya hango malafar Haladu sai ya faɗa gida. Kullum cewa yake gobe zai gaya masa, goben ta ƙi zuwa.

Ran nan da hantsi Haladu ya yi sallama, matarsa na biye da shi ɗauke da ƙwaryar nono.

"Na shanun da ka shayar ne," in ji Haladu. "A ba yara su taɓa."

Hannatu, autar Makau, ta rugo da ludayi, ta ɗiba, ta nufi baki da shi. Makau ya yi wuf ya make hannunta. Ludayin ya faɗi, nono ya fantsama a zanen baƙuwa, yarinya ta fashe da kuka. Makau ya rasa inda zai sa idonsa.

Haladu ya dubi nonon da ya zube, ya ɗago ya dubi amininsa. Bai ɗaga murya ba.

"Taka ɗiyar ka hana, Makau. Nawa yaran tun randa munka sauka shi suke sha."