Warin da Ya Shigo Gidan Sa'adiyya

Saura wata biyu a fara gasar cin kofin duniya, mai gidan da Sa'adiyya da mijinta Zulkiflu suke haya a unguwar Bin Mahmud, can ƙasar Larabawan da za a buga gasar, ya tashi maƙwabtansu don ya saka 'yan kallon ƙwallo. Ya sa aka zuba maganin kuɗin cizo a ɗakunan, aka garƙame, ba a gaya wa kowa ba.

Da hantsi Sa'adiyya ta ji wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa yana shigowa ta bututun na'urar sanyi. Ita kuwa ba ta haɗa hanya da wari, tun a Gusau aka san ta da haka. Ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta, ta rufe tagogi ruf don ƙamshi ya kama labule, yadda mahaifiyarta take yi. Haulat, 'yarsu mai shekara uku, tana barci a kan kafet. Yarinyar da ta tsallake korona lafiya lau, kafin la'asar ta fara amai. Kwana biyu ta yi a asibiti rai ya yi halinsa.

Zulkiflu bai taɓa ce mata uffan a kan tagogin ba, shirun nan kuwa ya fi komai cin ta. Shi ya sa ta ƙwallafa rai a kan shari'ar da suke yi da mai gidan hayar. So take alƙali ya buɗe baki ya ce laifin mai gidan ne, ko ta samu ta yi numfashi.

Ashe wata magana daban kotu ta zauna yi. Mai gida ya ce yana da inshora, kamfanin inshora ya ce takardarsu ta cire duk ɓarnar da gurɓatar iska ta jawo. Wata bakwai ana ja. Lauyan mai gida yana cewa don hayaƙin masana'antu aka rubuta sharaɗin, na kamfani yana cewa guba ai guba ce ko a falo take. Alƙali ya ba kamfani gaskiya.

A bakin ƙofa ta tari tafintan kotun, wani Bakano mai suna Nasidi.

"Malam, don Allah, laifin wa ya ce?"

Ya duba takardar, ya sake dubawa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya, ba a zo nan ba. Khalas, shi ke nan, an rufe wannan zaman."

"Ya dai ambaci sunan 'yata?"

"Lambar ɗaki kawai ya ambata."

Ta gyaɗa kai, ta bi bayan mijinta, laifin yana kanta kamar yadda ta zo da shi.