Muryar da ke Bayan Tawa

Shekara huɗu da rasuwar matata, na wayi gari na nemi muryarta a kaina na rasa. Fuskarta tana nan, har ɗan tabon haɓarta. Amma in na so in ji ta kira ni, sai muryar ƙanwarta ta fito. Na zauna a bakin gado. Kabad uku na littattafai na karance, ba marubucin da ya yi mini kirkin faɗa mini cewa murya ce take fara tafiya.

Kaset ɗaya ya rage mana. A ciki ta ɗauki kanta tana rera waƙoƙin reno da ta koya wurin kakarta. Autarmu, da take da goyo yanzu, ta dame ni da tambayarsu. Tun rasuwarta ban taɓa kunna shi ba, don tsoron rikoda ta cinye zaren. Na naɗe shi a hankici na kai wa mai gyaran rediyo.

"Baba, zauna mana. Ka tsaya mini a kai kamar tiyata zan yi."

"Tiyatar ce."

Ya zura biro a ramin kaset ɗin yana juyawa a hankali. Zaren ya manne, ya tsinke. Har cikin haƙorana na ji. Ya haɗa shi da ɗan salatif, ya danna.

Sai wani namiji ya yi gyaran murya, ya fara karanta baitoci.

"Wane ne wannan? Yana ji da kansa fa."

"Ni ne."

Nan na tuna. Akwai shekarar da na ɗauka ni mawaƙi ne. Na buƙaci kaset, na ɗauki na farkon da hannuna ya taɓa a durowa, na ɗora baitocina a kan waƙoƙinta. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini komai ba.

Muka yi ta saurare. Ina roƙon mutumin nan na cikin rikoda ya gaji, ya yi tari, ya bar ko da wutsiyar zaren. Bai gaji ba. Na san shi.

Dab da ƙarshe sai ga ƙarar faranti daga nesa, da wata siririyar murya tana rera layi biyu. Sannan ta matso.

"Malam, rage murya, yarinya na barci."

"Aiki nake yi," in ji mutumin cikin rikodar, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na kama hannun mai gyara. "Cire ni. Bar ta ita kaɗai."

"Ba na iyawa, Baba. Zare ɗaya kuke."

Ya kwafa mini a waya, na tura wa auta. Ta kira ni da muryar wadda ta sha kuka.

"Baba, ko a nan ba ka bari ta ƙarasa ba."

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Kullum da safe nakan kunna, in kasa kunne ta ƙarƙashin muryata, gabana yana faɗuwa kada yau in ji ni kaɗai.