Shaidar Issifou

Azara ba ta ko fita takaba ba aka zo aka tafi da ɗanta.

Mijinta, Sarzan Mahama, tsohon sojan Faransa ne. Ya yi musu yaƙi a ƙasar Kamaru, ya dawo da ɗingishi, ya zauna a Zangon Sokode yana fawa. Duk tsawon rayuwarsa gardi, 'yan sandan Nasara, ba su taɓa tsayawa a ƙofar gidansa ba idan an fito neman mutanen aikin tilas, don Nasara ya ɗauke wa gidan tsohon soja wannan wahala. Amma ana gama sadakar arba'in ɗinsa sai ga gardi biyu a mahauta. Suka kama Fuseini, ɗanta tilo, ko hannu ba su bari ya wanke ba, suka haɗa shi da ayarin da aka tura arewa fasa dutsen hanyar mota a Dapango.

Fuseini kuwa tun yana ƙarami yake fama da ciwon ƙirji. Azara ta san waɗanda suka tafi aikin nan da ƙarfinsu suka dawo a kwance, ta kuma san waɗanda rigarsu kawai aka kawo wa iyayensu.

Ta yafa mayafinta ta tafi biron kumandan, ofishin Nasaran da ke mulkin garin. Ta wuni a gindin mangwaro kafin tafinta ya fito ya saurare ta. Ya ce kumandan bai musa ba, matar tsohon soja da ɗansa suna da wannan gata ko bayan ransa. Sai dai aurenta a masallaci aka ɗaura, biro bai san da shi ba. Dole a samu sojan da ya yi aiki da Mahama ya tsaya gaban Nasara ya rantse cewa ita matarsa ce, yaron kuma ɗansa ne. Abokan aikinsa da ke Sokode duk sun rasu. Saura mutum ɗaya, Issifou, shugaban gardin Dapango.

Azara ta san sunan. A can Kamaru, Mahama ya taɓa sa an ɗaure Issifou an yi masa bulala a gaban bataliya saboda ya yi barci a bakin tsaro. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Da Mahama ya rasu ma bai aiko ta'aziyya ba.

Matan unguwa suka ce mai takaba ba ta tafiya. Liman ya sunkuyar da kai ya ce lalura ce, ta je Allah ya tsare. Ta hau motar gishiri, a saman buhuna, ta bi ta Mango har Dapango.

Tun kafin su shiga garin ta hango su a gefen hanya, jerin mutane da kwanduna a ka. Ta gane Fuseini da tafiyarsa. Ya rame, yana sauke kwandon ya dafe ƙirji yana tari. Ta sauko ta nufe shi, wani gardi ya tare ta da bulala a hannu, ya nuna mata hanyar gari. Fuseini ya gan ta, amma ya yi sauri ya kau da kai don kada a gane tasa ce.

Ta sami Issifou a ƙofar gidansa, bayan bariki, yana goge takalmi. Dattijo ne dogo, mai tsagen fuska. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce.

"Na gane ki," in ji shi, bai ɗago ba. "Ashe Sarzan ya mutu."

"Allah ya yi masa cikawa, Malam Issifou. Yaron ne aka kawo nan, ba shi da lafiya."

Ta faɗa masa abin da tafinta ya ce. Ya ci gaba da goge takalminsa har ta fara zaton ya manta da ita. Can ya ajiye, ya juya mata baya, ya ɗage rigarsa. Tabon bulala ya yi layi-layi daga kafaɗa har ƙugu.

"Ya taɓa ba ki labarin wannan?"

"Ya ba ni."

"Ya ce ya yi nadama?"

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe. Ta haɗiye ta. "Bai ce ba."

Ya sauke rigar. Ya ce ta zo biro gobe da safe. Ta kwana a gidan wata mai tuwo a zangon garin, ba ta san abin da zai faɗa ba.

Da safe aka shigar da ita gaban Nasaran Dapango, wani matashi mai jan gashi. Aka kawo Fuseini, ƙura har gira. Issifou ya shigo cikin kaki ya ƙame. Tafinta ya tambaye shi ko ya san Sarzan Mahama.

"Na san shi. Mugun mutum ne."

Tafinta ya fassara maganar. Nasara ya ɗaga gira. Azara ta dafa bango. Aka tambayi Issifou wannan matar fa.

Ya dube ta, ya daɗe yana duban Fuseini.

"Matarsa ce. Ina nan aka kawo ta bariki tana amarya, na ci tuwon bikin. Wannan kuma ɗansa ne. Ko a cikin duhu na ga goshin nan na san na wane ne."

Ya ɗaga hannu ya rantse. Nasara ya ce a saki yaron, gidan Mahama kuma ya fita daga aikin tilas muddin uwar tana raye. Sannan ya ƙara wata magana yana kallon magatakardansa. Tafinta bai so ya fassara ba, sai da Azara ta tsare shi da ido: adadin mutanen da aka yanka wa Sokode ba zai ragu ba, za a buga waya Zango ta aiko wani.

A waje ta yi wa Issifou godiya. Ya ce ba don kowa ya yi ba, an tambaye shi abin da ya sani ne ya faɗa. Amma da yamma ya aiko musu da bargon soja da ƙwaryar fura.

Sai da Fuseini ya ɗan murmure suka kama hanyar gida. A mashigin kogin Mango, suna jiran kwalekwale, wanda ya taso daga ɗaya gaɓar ya iso. Gardi ya sauko, a bayansa mutum ɗaya da igiya a ƙugu. Awudu ne, telan da shagonsa ke kallon ƙofar gidansu, wanda matarsa ta haihu ana gobe Azara za ta taso.

Ya gaishe ta da ladabi kamar kullum, ya ce Inna an dawo lafiya, ya yi wa Fuseini sannu da jiki. Azara ta gane shi ne Zango ta aiko a madadin ɗanta. Fuseini ya cire bargon daga kafaɗarsa ya miƙa masa, ya ce can akwai sanyin asuba, kuma kada ya sha ruwan tafkin da ke bayan sansani. Awudu ya karɓa ya yi godiya. Gardi ya ja igiyar suka hau tudu.

Mai kwalekwale ya kira su har ya gaji kafin Azara ta shiga.